Karɓar maganin rigakafin HIV ta hanyar ganin likita a waya

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda mazauna Amurka ke samun PrEP, wato maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau, ba tare da zuwa asibiti ba, kusan kowa ya fi nanata maganar gwaji. Likitan da za ka gani ta bidiyo ba zai rubuta maka magani ba sai an tabbatar ba ka ɗauke da ƙwayar, domin mai ita idan ya sha PrEP kaɗai, ƙwayar na iya bijire wa magani. Ana kuma duba ƙoda da ciwon hanta nau'in B. Wasu kamfanonin suna aiko kayan ɗibar jini har gida, wasu su tura ka ɗakin gwaji. Ga mai shan ƙwayar maganin PrEP kullum, gwajin HIV duk bayan wata 3 ne, kuma an shawarci mutum ya nemi sabon magani tun kafin na hannunsa ya ƙare.

Truvada, ƙwayar maganin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a matsayin PrEP a 2012, ana iya aiko shi ta gidan waya. Allurar PrEP mai suna Apretude ta duk wata 2 kuwa, dole ka je wa ma'aikacin lafiya da kanka. A tambaya ko likitan yana da lasisi a jiharka.

Shawarar da ta fi muhimmanci a ganina: wanda ke tsoron ya kamu jiya ko shekaranjiya, PEP, wato maganin gaggawa da ake sha bayan haɗuwa da ƙwayar cutar, yake buƙata cikin awa 72. Kada ya zauna jiran saƙon gidan waya, ya tafi asibiti nan take.