Neman taimako kan jera halittu hawa-hawa a Gephi

Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Jos, kuma kwana uku ke nan ina fama da manhajar Gephi wajen zana yadda halittun kududdufi ke cin junansu. Na shigar da halittu 18 daga fayil ɗin CSV (teburin bayanai), kibiyoyin da ke nuna wa ke cin wa sun fito daidai, amma da na kunna ForceAtlas 2, tsarin da ke jera zanen da kansa, sai komai ya cakuɗe, gansakuka ta koma tsakiya, balbela ta faɗo ƙasan kwaɗi. Na ja su da hannu ɗaya bayan ɗaya, sai dai duk lokacin da na sake kunna shi aikin yakan rushe. Ta yaya zan sa manhajar ta ajiye tsirrai a ƙasa, masu farauta a sama? Na gode.