Fitilar mota mai ɗagowa ta ƙi sauka, ina neman shawara

Assalamu alaikum, ogannin aikin wayarin. Ina ƙauye ne kusa da Ringim, kuma akwai wata tsohuwar motar Japan ta 1988 da kawuna ya bar mini, irin mai fitilun da ke ɗagowa daga cikin bonet, kamar na tsofaffin Celica da Prelude.

Fitilar dama lafiya lau. Ta hagu ce matsalar: in an kunna tana tashi da ƙyar, in an kashe sai ɗan injin da ke ɗaga ta da sauke ta ya yi ta gurnani, ita kuwa ta tsaya rabi, mota kamar mai kanne ido. Fis bai ƙone ba, batir sabo ne. Akwai ɗan abin murzawa a kan injin, ƙarƙashin hular roba, da shi nake sauke ta da hannu kullum, kuma wallahi na gaji.

Da muka buɗe, giris ya haɗe da ƙurar hunturu ya zama laka, haƙoran giyar roba sun cinye a gefe ɗaya. Rewayan garinmu ya ce a ɗaure ta a sama da waya a huta. Ni dai raina bai so ba, ai ɗagowar nan ce kyan motar.

To, in an juya giyar zuwa ɓangaren da bai ci ba, tana jimawa? Ko kuwa makunnin ciki da ke tsayar da injin ne ya lalace? Tun 2004 aka daina ƙera irin waɗannan fitilu, shin ana samun na gwanjo a Ƙofar Ruwa kuwa? Allah Ya saka da alheri.