Wankin tanki ba tare da an kwance shi ba, wa ya san kan CIP?

Ɗan Bukuru: Salam jama'a. Na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin lemon malt nan Jos, oga ya ce sati mai zuwa ni zan karɓi CIP, wato wankin nan da famfo ke zagaya da ruwan magani cikin tanki da bututu ba a kwance komai ba. Na ga suna sa soda sannan su sa asid, to ɗaya bai isa ba ne ko dai ɓarnar kuɗi ce kawai?

Baban Hanifa: Bai isa ba ƙanena, kowanne da aikinsa. Ka fara ɗauraye da ruwa zalla, sai kostik soda kashi 1 zuwa 2 cikin 100 da zafin digiri 70 zuwa 80, ita ke cinye maiƙo da danƙon malt da ya kama ƙarfe. Ka sake ɗauraye sosai sannan asid, nitirik ko fosforik, shi ke cire farin dutsen nan mai kaushi a hannu irin na gindin butar shayi, wanda soda ko ta kwana tana zagayawa ba abin da za ta yi masa, kuma a ƙarƙashinsa ƙwayoyin cuta ke laɓewa. Daga ƙarshe farasetik asid, maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Maman Joy: Yallaɓai ka manta babban. Tankin da aka ajiye lemo mai gas cike yake da CO2, wato gas ɗin lemon, in ka tura soda ba ka fitar da shi ba sodar za ta shanye gas ɗin nan take, tanki ya tsotse kansa ya lotse, ga sodar ma ta mutu a banza. Ka buɗe bawul iska ta shiga tukuna. Kuma kar ka kuskura ka zura kai ciki wai leƙe, gas ɗin na kashe mutum.

Sadiq Terminus: Ni sanyin Jos zan ja maka kunne a kai, lokacin hunturu ka auna zafin ruwan da ke dawowa, ba wanda ke tafiya ba, don a bututu yake hucewa. Ka riƙa ciro ƙwallon feshin nan na saman tanki ka ɗaga shi a haske, hudojinsa na toshewa. Bilic kuma ka rabu da shi, huda sitenles, wato ƙarfen tankin, yake yi.

Ɗan Bukuru: Na gode ƙwarai. To ta yaya zan san sodar ta fita duka?

Baban Hanifa: Takardar pH, mai nuna ƙarfin soda ko asid a ruwa. Ka tsoma a ruwan ɗauraya na ƙarshe, sai ya yi daidai da ruwan da ka shigar sannan ka tsayar da famfo.