Muhawara kan hayaƙin da tafiya taron masana ke jawowa

Dakta: Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da malaman jami'a za su rage hawa jirgin sama saboda taro. A Disamban 2019, kimanin mutum 28,000 suka hallara a San Francisco domin taron shekara-shekara na ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka, wato AGU, kuma an ƙiyasta cewa zuwansu da komawarsu sun fitar da tan 80,000 na iskar kabon, kusan tan uku kan kowane mutum. Abin takaicin ma, da yawansu sauyin yanayi suke bincike a kai.

Farfesa: Dakta, ban musanta lissafinka ba, amma jiragen sama gaba ɗaya ba su wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari na kabon ɗin da duniya ke fitarwa ba. Sannan amfanin taro ba a zauren gabatar da maƙala kaɗai yake ba. A wurin shan shayi ake ƙulla zumuncin da ke haifar da binciken haɗin gwiwa.

Dakta: Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya, kason ya yi ƙanƙanta ne domin mafi yawan mutanen duniya ba sa hawa jirgi. Matsakaicin ɗan Najeriya ba ya fitar da ko tan ɗaya a shekara, ke nan tafiya guda ta haura abin da zai fitar cikin shekara uku. Da masana taurari na Turai suka mayar da taronsu intanet a 2020, hayaƙinsa ya gaza na taron da suka yi a birnin Lyon na Faransa a 2019 da kusan ninki 3,000.

Malama: Malamaina, ina ganin kuna auna kowa da mudu ɗaya. Ƙaramar malama irina, wadda sai ta yi shekaru tana jira kafin ta samu tallafin zuwa taro guda, sannan ta fuskanci wahalar biza, bai dace a ce ta haƙura daidai da wanda ke zuwa taro biyar a shekara ba. Na taɓa gabatar da maƙala ta intanet, wuta ta ɗauke ina tsakiyar bayani, ban samu tambaya ko ɗaya ba.

Farfesa: To, Dakta, wa zai fara haƙura?

Dakta: Mu da muka riga muka yi suna, ranka ya daɗe. Ni na janye daga taron da aka gayyace ni baɗi, sai dai in za su yarda in yi jawabina daga nan Kano.