Zan je taron 'yan Pagan a Minnesota, ina neman shawara

Zainabu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malamarmu ta darasin nazarin addinai ta ce kowa ya je ya zauna da wata al'umma da bai sani ba, ya rubuto abin da ya gani. Ni na zaɓi Paganicon, taron da masu farfaɗo da tsofaffin addinan Turai ke yi duk watan Maris a gefen Minneapolis, daga Juma'a zuwa Lahadi. Jadawalin ya cika da laccoci da bita har kaina ya ɗaure. Wanda ya taɓa zuwa irinsa ya taimaka min.

Baban Usman: Wa alaikumussalam. 'Yata, duk majami'un garin nan da wuraren ibadar Yahudawa ba su ishe ki ba, sai wajen masu tsafi? Raina bai kwanta ba.

Zainabu: Baba, kallo da rubutu kawai zan je yi. Shi ya sa na zo wajenku tukuna.

Anti Hadiza: Ni na je wani taro irinsa, PantheaCon, a San Jose ta jihar California sau ɗaya, kafin a daina yinsa a 2020, kuma aikin makaranta ne ya kai ni. Baba, a otal ake yi, da kujeru da lasifika kamar kowane taro. Abin da zan gaya miki, ƙanwata, ki raba jadawalin gida biyu. Akwai lacca, inda mutum ke tsayawa ya yi bayani a yi masa tambayoyi. Akwai kuma ibada, inda suke tsayawa a da'ira, su fuskanci gabas da kudu da yamma da arewa suna kiran abin bautarsu. Ta farko ki shiga ki cika littafinki. Ta biyu ba ta da ɗan kallo. Da zarar sun rufe da'irar, duk wanda ke ciki an ɗauka da shi ake yi, kuma fita a tsakiya rashin ladabi ne a wurinsu. A ƙarshe ana zagayawa da ɗan burodi da abin sha. Ni a bakin ƙofa na tambayi wata dattijuwa mai furfura, na ce Musulma ce ni, bincike nake. Ta riƙe hannuna ta ce gara in jira a waje, in sun gama za ta ba ni labarin komai. Haka kuwa aka yi, sai da muka kwashe kusan awa guda a kan benci.

Malam Sani: Zainabu, kafin ki je ki cire bori da Maguzanci daga ranki, don nan ne ɗalibanmu ke tuntuɓe. Bamaguje gadon iyaye da kakanni ya tarar. Waɗannan yawancinsu a gidan Kirista suka tashi, da girmansu suka zaɓa. Wicca, wadda ta fi yawan mabiya a cikinsu, Gerald Gardner ne ya fito da ita fili a Ingila a 1954, shekara uku bayan an soke dokar haramta maita a 1951. Akwai kuma Druid, masu koyi da limaman gargajiya na tsohuwar Birtaniya da Ireland, da masu bin allolin Sikandinebiya irin su Odin da Thor. Ba bakinsu ɗaya ba, don haka ki shiga laccar kowane ɓangare. Taron ma a Maris yake, watan da dare da rana ke daidaita, kuma wannan daidaituwar ɗaya ce daga cikin bukukuwansu takwas na shekara. Ki nemi littafin Ronald Hutton, The Triumph of the Moon, na 1999, da Paganistan na Murphy Pizza, wanda a kan 'yan garin naku aka rubuta shi.

Aliyu: In akwai bitar karatun katin tarot ki leƙa, a nan za ki ga yadda suke hira da juna.

Baban Usman: A'a Aliyu, wannan duba ne. Ba na goyon baya ko kaɗan.

Anti Hadiza: Ina bayan Baba a nan, domin a irin wannan bitar sai an haɗa ki da wani ku gwada a kan juna. Hirar da kake nufi tana ɗakin 'yan kasuwa, inda ake sayar da littattafai da turare da kyandir da zobba. Amma kada ki taɓa wuƙa ko kofi da kika gani a kan teburin ibadar wani, ko da sha'awa ce.

Aliyu: To na janye. Sai maganar hoto: kada ki ɗauki kowa sai ya yarda. Da yawa a wurin aikinsu ba a san addininsu ba, wasu ma sunan da ke rataye a wuyansu ba shi ne na katin shaidarsu ba. In an miƙo miki ƙaho da abin sha, giyar zuma ce galibi, ki ce kin gode kawai. Abincin halal kuwa ki biya unguwar Cedar-Riverside a Minneapolis wajen Somaliyawa ki yi guzuri. Ki ɗauki rigar sanyi mai kauri, Maris na Minnesota ƙanƙara ba ta gama narkewa ba.

Malam Sani: Ki tambayi malamarki ko sai kin samu izinin kwamitin bincike na jami'a kafin ki naɗi muryar wani. Kuma a rubutunki kada ki sa kalmar arna. Su da alfahari suke kiran kansu Pagan, tamu kuwa zagi ce.

Zainabu: Allah ya saka da alheri. Zan yi rajistar Asabar kaɗai, in shiga laccoci uku, in zaga ɗakin kasuwa. Baba, zan kira ka in na fito. Anti, sallar azahar a ina kika yi lokacin?

Anti Hadiza: Na tambayi ma'aikatan otal suka buɗe min wani ɗakin taro da ba kowa. Ki tafi da dardumarki, ki yi alwala tun daga gida.