Ruwan wurin ninkayarmu ya koma kore, ina mafita?

Maman Yara:
Salam jama'a. Dan Allah wa ya san maganin gansakuka a kwamin ninkaya na gida? Muna Malali a Kaduna, tunda ruwan Agusta ya zauna sosai ruwan ya koma kore shar, bango sai santsi, ko ƙasan ba a gani. Yaron da ke kula mana yana ta zuba kulorin kullum da rana amma kamar ba a yi komai ba, yanzu ma cewa yake a kwashe ruwan duka a kira tanka. Tsawonsa mita 8, faɗi 4, zurfi kamar ɗaya da rabi. Yara sun dame ni, ni kuma tsoron sauro nake.

Injiniya_KD:
Wslm Hajiya. Kar ki yarda a kwashe shi a tsakiyar damina, ƙasa ta sha ruwa, in kwamin ya zama fanko ruwan ƙarƙashi zai iya tura shi ya tsage, ga kuɗin tanka a banza. Wannan ruwan zai gyaru insha Allah.

Abu na farko ki sa a sayo abin gwajin ruwa a duba pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, ana son ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6, in ya haura haka ƙarfin kulorin yana raguwa. Sannan zubawa da rana ɗin nan asara ce wallahi, hasken rana yana cinye shi cikin 'yan awoyi, sai bayan magariba ake sawa. Girman da kika faɗa kusan lita 48,000 ne, to garin kulorin mai kashi 70 wajen gram 700 zai kai shi 10 ppm (ma'aunin yawan kulorin a cikin ruwa), amma tunda ya yi kore sosai a fara da kilo ɗaya da rabi, washegari a gwada, in ya sauka a ƙara, haka har sai koren ya koma fari-fari kamar ruwan tsari, alamar gansakukar ta mutu kenan. Kafin a zuba a goge bango da ƙasa da buroshi da kyau, musamman lungu da bayan tsani don nan take maƙalewa.

Baban Sadiq:
Hajiya tambaya ɗaya, awa nawa injin tace ruwan yake aiki a rana? Don ni a ganina nan matsalar take. Gidaje da yawa a Kaduna sai an kawo wuta ake kunna shi, ruwa yana tsaye ga zafi ga ganyen mangwaro da dogonyaro suna ruɓewa a ciki, ai dole. Lokacin magani a bar shi dare da rana ko da janareta ne, kwana biyu ko uku, ana wanke filtar yashin duk sanda matsin ruwan da ke cikinta ya hau. Bayan nan awa 8 a rana ya isa.

Maman Yara:
Gaskiya bai fi awa biyu ba, wani lokacin ma ba a kunnawa. Wata maƙwabciyata ta ce a sa alam, zai yi?

Injiniya_KD:
Alam ba ya kashe gansakuka Hajiya, tara datti kawai yake ya kwantar a ƙasa, sai bayan ta mutu zai yi amfani, a kashe injin ya kwana sannan a zuƙe abin da ya kwanta a fitar waje, kar a bi da shi ta filta. Dan Allah ki ja wa yaron kunne, garin ake zubawa a bokitin ruwa, ba ruwa a kan gari ba, kuma kar ya kuskura ya haɗa kulorin da asid a mazubi ɗaya, hayaƙin da ke fita guba ne. Yara kuma su haƙura sai ana ganin ƙasa tas kuma gwaji ya nuna 3 ppm ko ƙasa da haka.

Maman Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe za a nemo abin gwajin, yau dai na sa a kwashe ganyen a tada janareta.