Sun ba ni wa'adi ko su rufe makarantata, in kai ƙara wajen 'yan siyasa?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramar makarantar nazare da firamare a Birnin Kebbi, cikin gidan haya. Masu duba makarantu sun zo sun ce ba ni da takardar amincewa, azuzuwa sun yi ƙanƙanta, malamaina biyu kuma sakandare kawai suka gama. Sun ba ni wa'adi. Ƙanin maigidana ya dage bi-ta-da-ƙulli ne, don an san gidanmu 'yan adawa ne, wai mu tafi rediyo ko mu sami wani babba a jam'iyya. Ku ba ni shawara don Allah.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam Hajiya. Tsakaninki da Allah, a cikin abubuwa ukun nan wanne ne ƙarya? In babu, ki bar batun rediyo. Takardar CAC rajistar kasuwanci ce kawai, da yawa suna rataye ta a ofis suna ganin sun gama. Izinin buɗe makaranta a hannun gwamnatin jiha yake. Shaidar koyarwa ta NCE ce mafi ƙarancin abin da ake nema ga malami, sannan rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Ki rubuta takardar neman ƙarin lokaci, ki faɗi abin da za ki gyara zango-zango, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. Malaman nan biyu kada ki kore su, ki tura su karatun NCE na NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, a ƙarshen mako ake yi. Duk kuɗin da za ki biya kuma, ki karɓi rasit.

Baban Khalifa: Malam, ka faɗi gaskiya, amma ba duka ba. Wasu makarantun gwamnati yara a ƙasa suke zama, wa ya ba su wa'adi? Ba don son ranmu muke biyan kuɗin makaranta ba.

Tsohon Hedimasta: Haka ne Alhaji, amma wannan hujjar ba ta hana kwaɗo a ƙofa.

'Yar Zuru: Yaya, ki tuna azumin 2025. Kebbi da Bauchi da Katsina da Kano suka ce a rufe makarantu, har da masu zaman kansu. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi tir, har ta yi barazanar zuwa kotu. Kafin ka ce kwabo magana ta bar kan jadawalin karatu ta koma addini da jam'iyya, kowa ya kama ɓangare. Taki ma haka za ta zama. Ranar da aka ce makarantar 'yan adawa ce, iyayen da ke aikin gwamnati su ne za su fara kwashe yaransu. Ki bi ta NAPPS, ƙungiyar masu makarantu, su yi magana da baki ɗaya. Gwamnan Kebbi Nasir Idris ma tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta NUT ne na ƙasa, zama da ƙungiya ba baƙon abu ba ne a wurinsa.

Uwar Biyu: Na gode, Allah Ya saka. Gobe zan rubuta takardar. Amma Malam, ana ba da izini ga mai zaman haya, ko sai na mallaki fili?

Tsohon Hedimasta: Ki nemi ƙa'idojin a rubuce daga hannunsu, kada ki dogara da ta baki. Ki tafi da yarjejeniyar hayarki.